Kafin ka sayi motar nan a Minnesota

Ƙanina, barka da samun gurbin karatu. Ka ce an faɗa maka a Amurka akwai dokar da ta hana ɗan sanda tsayar da direba saboda baƙar fatarsa, kana tambaya ko gaskiya ne. Akwai a jihohi da yawa, amma kowace da tata, wasu ma ba su da ita. Tun 2001 ake kai wa majalisar tarayya ƙudurin irin wannan doka, har yau bai zama doka ba. Kalifoniya ce ta yi nisa: dokarta ta 2015 ta tilasta wa 'yan sanda rubuta launin duk wanda suka tsayar, kuma daga 2024 sai sun faɗi dalilin tsayarwa kafin su fara tambayoyi.

Ga inda gizo ke saƙar. A 1996, a shari'ar Whren, Kotun Ƙoli ta yanke cewa muddin ka karya dokar hanya, komai ƙanƙantarta, tsayarwar ta halatta, ko da abin da ke ran ɗan sandan daban ne. To wa zai tona zuciyar mutum? Fitilar baya ta mutu, rajistar mota ta ƙare, ka canza layi ba sigina. Da wannan na ƙarshen aka tsayar da wata baƙar fata mai suna Sandra Bland a Texas a 2015, bayan kwana uku aka tarar da gawarta a ɗakin tsaro. Carbin nan da muke ratayawa a madubi ma, dokar Minnesota ta hana rataye abu tsakanin direba da gilashin gaba. Cire shi ka sa a aljihu.

In an kunna maka fitila a baya, ka gangara gefe, ka kashe mota, ka sauke gilashi, hannu biyu a kan sitiyari. Kada ka fito daga mota kana "ranka ya daɗe" kamar a hanyar Zariya, fitowar nan tsoratar da shi take yi. Lasin na aljihu? Faɗa masa kafin ka miƙa hannu. A nan jihar taku ɗan sanda ya harbe wani baƙar fata, Philando Castile, cikin motarsa a 2016. Na goro kuwa ko da wasa, gidan yari ne, bizarka ma ta tafi.

In ya nemi ya bincika motar, kana da ikon cewa ba ka yarda ba, a hankali. In ya ce ka fito, fito. Ka riƙe sunansa da lambarsa da lokacin, gardamar ka bar wa lauya. Ofishin ɗaliban waje na makarantarku zai nuna maka inda za ka samu.