Yayanmu ya kai Inna gidan tsofaffi a Faransa: ya saɓa mata ke nan?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara sani. Ni 'yar kasuwa ce a Garwa ta Kamaru. Shekara biyar ke nan da yayanmu mai aiki a Liyon ya ɗauki Innarmu don a yi mata aikin ido. Tana can gigin tsufa ya kama ta, ga ciwon suga. Wata asuba cikin hunturu aka tsince ta a bakin titi da zane ɗaya, wai kasuwa za ta. Shi da matarsa duk suna fita aiki, sai ya kai ta gidan kula da tsofaffi, yana biyan kusan yuro 2,000 a wata. In mun kira ta WhatsApp muna ganin ta tsaf, amma kullum tana fuskantar taga da carbi a hannu, tana neman kunun gyaɗa, ba mai jin Hausarta balle Fulatancinta. Kawunmu ya ce Yaya ya jefar da uwarsa, ya daina amsa gaisuwarsa. Mene ne hukunci? Wa ya kamata ya biya? Yaya sallarta?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Inna lafiya, ya sa kaffara ne.

'Yar'uwa, kai mahaifi irin wannan gida ba shi da hukunci guda, yana bin abin da ya sa aka kai shi. A Suratul Isra'i, aya ta 23, Allah ya ce idan ɗayansu ko dukansu biyu suka tsufa a wurinka, kada ka ce musu ko uffan. Ki lura da "a wurinka". Asali shi ne tsoho ya ƙare kwanansa a hannun 'ya'yansa. Wanda yake da hali da wuri, ya fitar da uwarsa don ta ishe shi ko don matarsa ta huta da ƙorafinta, wannan saɓa wa iyaye ne, yana cikin manyan zunubai. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Annabi (SAW) ya ce hancin mutum ya turbuɗe, har sau uku, wanda ya riski iyayensa da tsufa amma bai shiga Aljanna ba.

Yadda kika kawo labarin, yayanku ba ya cikin waɗannan. Tsohuwar da ke fita da asuba cikin sanyin Turai, ga magani da sai an kiyaye lokacinsa, barin ta ita kaɗai a ɗaki daga safe zuwa yamma shi ne cutarwa, hadisi kuwa ya ce ba cuta ba cutarwa. Jinya ya kai ta, kamar yadda ake kwantar da mutum asibiti. Saboda haka kawunku ya janye maganarsa, ya amsa gaisuwa. Ƙaurace wa Musulmi fiye da kwana uku bai halatta ba, balle ɗan 'yar'uwarka da yake cikin wannan hali.

Amma ba zan ce a bar ta can a rufe magana ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne tagar nan da kunun. Mai gigin tsufa abin jiya yake fara mantawa, abin ƙuruciya ya zauna masa: harshensa, abincinsa, kiran salla. Inna tana samun wanka da magani, amma ta wuni ba wanda zai ce mata "sannu" ta gane. Wannan ma cuta ce, ko da ba ta fitowa a awon jini. Ku auna cutar biyu. Ku tambayi likitanta ko za ta iya hawa jirgi, kuma ko maganinta yana samuwa a Garwa. In ya ce e, ni abin da nake gani a dawo da ita ya fi. Yuro ɗaya kusan sefa 656 ne, kin ga abin da Yaya ke biya ya haura miliyan ɗaya da dubu ɗari uku a wata. Kaɗan daga ciki zai ɗauki mata biyu masu jinya, ta dare da ta rana, a sa ƙyaure mai kyau, ta riƙa jin hayaniyar jikokinta. In likita ya ce tafiyar da haɗari, ta zauna ba laifi, amma kuɗi ba su sauke wa Yaya zuwa da ƙafarsa ba. Ya je a kai a kai, ya kai mata kunun, ya zauna ya yi mata Hausa ko da ta kira shi da sunan babansa.

Sai dai kafin a sayi tikiti, ku zauna ku faɗi gaskiya: wa zai wanke ta? Na sha ganin maza suna cika baki a zaure cewa uwarmu ba ta zama hannun baƙo, ana kawo ta sai a jibga wa matar ɗa, su kuma su kama hanyar kasuwa. Hidimar suruka ba wajibi ba ce a kan matar ɗa. In ta yi, kyautatawa ce da lada, a gode mata. Nauyin na 'ya'ya ne.

Batun kuɗi, a fara da dukiyar Inna in tana da gida, shanu ko zinariya. In ba ta da, Ibnu Abi Zaid ya faɗa a Risala cewa ciyar da iyaye matalauta wajibi ne a kan ɗa. Halil a Muhtasar, littafin fiƙihun Malikiyya, ya haɗa har da mai yi musu hidima, ya ce ana raba wa 'ya'ya, ya kawo zance uku: daidai da daidai, ko bisa rabon gado, ko gwargwadon wadata. Na ƙarshen shi ya fi ƙarfi, kuma mace mai hali tana ciki. Ke ma ki sa hannu gwargwadon jarinki. Kada ku lissafa shi cikin zakka, don ba a ba wanda ciyar da shi yake kanka.

Salla kuwa, lokacin da hankali ya gushe an ɗauke mata alƙalami: ba salla, ba ramuwa, ba kuma mai yi mata. In ta dawo hayyacinta cikin lokaci, ta yi yadda ta iya, a zaune ko a kishingiɗe, kamar yadda Annabi (SAW) ya gaya wa Imrana ɗan Husaini. In alwala ta gagara, a ajiye mata ɗan dutse mai tsabta kusa da gado ta yi taimama. Azumi ma an ɗauke mata. Muddin tana can, Yaya ya rubuta wa masu gidan kada a ba ta naman alade ko giya, kifi da ƙwai da ganye sun isa, kuma mace ta riƙa yi mata wanka. Ranar da ba a samu mace ba, lalura ce, a tsaya iya buƙata.

Wallahu a'alam.