Motar ba ta da laifi, kai ne ba ka rubutawa

Wani ɗan kasuwa mai sayar da kayan gini ya turo min wannan saƙon, na ɗan gajarta shi:

"Assalamu alaikum Malam. Wata 8 kenan da na sayi RAV4 ƙirar 2016, ta hannu. Kuɗin daga jarin shago na cire, kusan kashi ɗaya cikin uku, da niyyar in riƙa mayarwa a hankali. Gaskiya ina jin daɗin motar, amma tunda na saye ta kaya sai raguwa suke a shago, har na fara karɓar kaya bashi wanda da ba na yi. Ban san takamaiman nawa take ci a wata ba, duk abun da ya taso dai a cinikin ranar nake ɗauka in biya. Abokai na cewa in sayar in sayi CR-V wai ta fi rashin shan mai, ƙanena kuma yana cewa in ba shi ya riƙa haya da ita ta manhaja, wai cikin shekara ɗaya za ta mayar da kuɗinta. Wanne zan yi?"

Wa alaikumus salam Alhaji. Ko ɗaya ba za ka yi ba tukuna.

Na karanta saƙon nan sau uku, kuma duk lokacin wuri ɗaya idona yake tsayawa: "ban san takamaiman nawa take ci a wata ba". Haba Alhaji. Kai da na tabbata in an tashe ka tsakar dare za ka faɗi nawa ka saro katan ɗin tayil da nawa za ka sayar da nawa ne ribarka a kai, amma abun da ka zuba kashi ɗaya cikin uku na jarinka a cikinsa, wata 8, ba ka san me yake ci ba? Toh ta yaya za ka san ko sayarwa ya kamata ko riƙewa? Abokanka sun bar jaki suna dukan taiki, kai ma kana neman ka taya su.

Cire kuɗin da ka yi daga jari kuskure ne, amma ya riga ya faru, ba zan tsaya ina maka faɗa a kansa ba. Wanda yake ci gaba da faruwa kullum shi ne wannan ɗaukar da kake a cinikin rana ba rubutu. Safe ka ɗauka ka sha mai, gobe bakanike ya ce a sauya birki ka ɗauka, jibi baƙin mai, gata wankin mota, sai sabunta takardu, sai inshora, ga taya ɗaya ta fashe, kowanne in ka kalle shi shi kaɗai ba ya da wani yawa shi yasa ba ya maka ciwo, amma kuɗin nan duk na sarin kaya ne, ba riba ba ce kake ci uwar kuɗin kake ci. Shi yasa in ka je sari sai ka ga kuɗin hannunka ba ya kaiwa inda yake kaiwa da, sai ka ce a rubuta maka sauran bashi.

Kuma akwai asarar da ba ka ganinta sam, domin ba ta fita daga aljihu. Bari in yi maka misali, kai ka san lambobinka na gaskiya sai ka sa su a wurin nawa. A ce jarinka yana juyawa sau 4 a shekara, kowane juyi kana samun kashi 10 cikin 100. Kenan duk 100 ɗin da ka cire ka ajiye a ƙofar gida a matsayin mota, 40 kake rasawa a shekara, tun kafin ka sa makulli ka tayar da ita. Ita kuma motar darajarta ƙasa take yi, duk shekara da duk kilomita. Wani zai ce maka ai farashin mota tashi yake, na sayar da tawa fiye da yadda na saya. Ka tambaye shi kuɗin da aka ba shi katan nawa na kaya zai saro da su yau, in aka kwatanta da ranar da ya saya. Nan za ka ji ya yi shiru.

Shekarun baya wani mai sayar da kayan lantarki ya zo wurina da irin matsalarka, shi ma sabuwar jif ya yi, ya rantse min yaran shagonsa ne ke masa sata, har ya riga ya kori ɗaya. Na je shagon. Daga bakin ƙofa shago cike yake har sama, gwanin sha'awa. Na miƙa hannu na ɗaga wani kwali a kanta ta sama, sai na ji shi sakayau, babu komai ciki. Na ɗaga na kusa da shi, haka. Layi biyu na sama duk kwalaye ne babu kaya, ya jera su don kar maƙwabta su gane. Muka zauna na ce ya buɗe wayarsa mu bi saƙonnin banki na wata 6 ɗaya bayan ɗaya, ina karantowa yana rubutawa a bayan takardar rasit: gidan mai, gareji, mai taya, gidan mai, gidan mai, mai fenti. Kafin mu kai wata na huɗu ya ajiye biron ya dafe kai. Abun da motar ta ci ya fi abun da yake zargin yaran da shi nesa ba kusa ba, wannan ma banda wanda ya ɗauka a tsabar kuɗi wanda babu wanda zai iya tunawa. Wallahi abun da ya fi tsaya min a rai har yau yaron nan ne da aka kora da sunan ɓarawo alhali bai ɗauki ko allura ba. Na sa shi ya neme shi ya ba shi haƙuri, amma yaron bai dawo ba, kuma ban ga laifinsa ba.

Yanzu maganar CR-V. RAV4 da CR-V tsara ɗaya ne, Toyota ta fito da tata a 1994, Honda ta biyo baya a 1995, tun lokacin suke gogayya a kasuwa ɗaya, girmansu kusan ɗaya, nauyinsu kusan ɗaya, injinsu ma ba wani nisa. In akwai bambanci a shan mai tsakanin masu shekaru ɗaya, da wuya ya wuce lita ɗaya a kilomita 100, kuma yadda kake taka totur da lafiyar injin sun fi sunan kamfanin tasiri. Za ka sayar da gaggawa a karya maka farashi, dillali ya ci nasa, ka sake biyan canjin takardu, ka ɗauko motar da ba ka san ciwonta ba ka fara gyara daga farko, duk don lita ɗaya. Tsugune ba ta ƙare ba kenan, an sayar da kare an sayi biri.

In da gaske rage shan mai kake so, ƙaramar mota ce maganar. Irin motarka a cikin gari da cunkoso da esi a kunne, ka ɗauka lita 10 zuwa 11 a kilomita 100, ƙarama irin Corolla wajen 8. In kana yin kilomita 40 a rana, kwana 26 a wata, ya kama kilomita 1,000 da ɗan ɗoriya, bambancin wajen lita 21 zuwa 31 ne a wata. Kuɗi ne, amma ba shi ne zai kwashe kaya daga shago ba. Shi yasa nake da yaƙinin in ka zauna ka rubuta za ka tarar mai ba shi ne babban ramin ba.

Abun da nake zargi, tunda kayan gini kake sayarwa, kana loda mata kaya. Kusan duk wanda ya sayi irin motar nan sabon shiga haka yake yi, yana ganin ta da tsayi da faɗin baya sai ya ɗauka ƙanwar Hilux ce. Ba haka ba ne. Irin taka ita ake kira kurosoba, mota ce da aka gina a kan tsarin ƙaramar mota aka ɗaga ta sama, CR-V ta farko ma a kan tsarin Civic aka yi ta, bodi da ƙashin duk haɗe suke abu ɗaya. Su Hilux da Land Cruiser su ne masu shasi daban kamar tsani wanda ake ɗora bodi a kai, su aka yi don wahala. Ka buɗe ƙofar direba ka duba jikin ginshiƙin, yawanci akwai wata 'yar takarda manne da ke nuna iya nauyin da aka yarda ta ɗauka, galibin irin waɗannan tsakanin kilo 400 ne zuwa 500 da ɗan wani abu, kuma har da kai da duk wanda ke zaune ciki. Buhun siminti kilo 50 ne. Kai da yaronka da buhu 6 kun kai ƙarshe. Na sha ganin mutum ya kwantar da kujerun baya ya jera tayil har rufi, bayan motar ya zauna, gaba ya ɗaga, taya na gogar bodi in an shiga rami, bayan wata biyu ya zo yana cewa an sayar masa da mota mai mataccen shokazoba. Shi ya kashe ta. Kuma kayan ƙafar irin motar nan da tayoyinta masu inci 17 ko 18 sun fi na ƙaramar mota tsada sosai, in kuma taka mai jan ƙafa huɗu ce ba a so a sa sabuwar taya ɗaya a bar tsofaffi uku, sai ka ga fashewar taya ɗaya ta jawo maka sayen biyu ko huɗu. Kuɗin ɗan dako da kake ganin ka tsira da shi, ninkinsa kake kai wa gareji.

Sai maganar ƙanenka, kuma a nan ina so ka saurare ni da kyau. Ban ce yaron yana da mugun nufi ba, ƙila shi ma wani ne ya zuga shi. Amma wannan magana ta "cikin shekara za ta mayar da kuɗinta" na gaji da jin ta, duk wata sai wani ya kawo min ita, kuma cikin waɗanda suka zo min da ita babu wanda ya dawo ya nuna min a rubuce cewa ta faru. Kamfanin manhaja zai cire nasa a kowace tafiya, kusan kashi ɗaya cikin biyar ko ma cikin huɗu. Fasinja kuma abun da zai biya a ƙaramar mota shi zai biya a taka in ba wani aji na musamman aka sa ta ba, alhali taka ta fi shan mai ta fi tsadar gyara. Motar da kake yi wa kilomita 40 a rana za ta koma yin 150 ko 200, tafiyar shekara huɗu a shekara ɗaya, inshorar da kake da ita ta mai zaman kansa ce ba lallai ta rufe haya ba. Kuma mafi muni, kai da ba ka iya rubuta abun da ka kashe da hannunka ba, ta ina za ka bi lissafin abun da wani ya samu a bayan idonka? Ranar da ya ce yau ba ciniki, ko ya ce giya ta fara ƙugi, ba ka da abun da za ka gwada maganarsa da shi, in ka matsa a ce ka tsananta wa ɗan'uwanka, in ka yi shiru ka cutu. Mota za ta lalace zumunci ma ya lalace. In kana son taimakonsa ka taimake shi da abun da in ya salwanta ba zai taɓa shago ba.

Ga abun da za ka yi. Yau ɗin nan, kafin ka kwanta, ka sayi ƙaramin littafi ka ajiye shi cikin motar da biro. Shafin farko ka rubuta lambar kilomitan da ke kan allo da kwanan wata. Daga nan duk abun da ka kashe a kanta, ko iskar taya ce, ka rubuta kafin ka tayar da mota, in mai ne ka sa har da lita nawa. Sannan ka koma baya ka yi abun da muka yi da mai kayan lantarkin nan, ka bi saƙonnin bankinka na wata 8 ɗin ka fitar da duk na mota, ka kira bakanikenka ya tuna maka ayyukan da ya yi. Ba zai cika cif ba, amma za ka ga girman abun.

Na biyu kuma wanda ya fi wuya, ka yanka wa kanka albashi daga shago, adadi ɗaya duk wata, ka tura shi wani asusu daban, motar a cikin albashin nan za ta ci. In ya ƙare ranar 20 ga wata, ta kwana a gida har wata ya mutu, ka hau ta haya kamar yadda kake yi kafin ka saye ta, babu wanda ya mutu don haka. Kar ka ƙara taɓa cinikin rana saboda ita ko da kwabo, kuma ka gaya wa yaran shago in sun ga ka miƙa hannu su tuna maka. Kai kaya wa kwastoma kuma ka koma ba 'yan dako, ka sa kuɗin a farashi.

Bayan wata 3 sai ka duba littafin. In abun da motar ke ci bai wuce kashi ɗaya cikin biyar na abun da kake ɗauka a matsayin albashi ba, kuma kana iya mayar da wani abu cikin jari duk wata kana rage bashin nan, riƙe abarka, mota ce mai ƙarko in ba a zalunce ta ba. In ya haura kashi ɗaya cikin uku, ko ka ga bashin masu ba ka kaya yana ƙaruwa maimakon raguwa, toh ka sayar ba tare da jin kunyar kowa ba, ka fara biyan bashin, ka mayar da mafi yawan sauran cikin kaya, in ya so ka nemi ƙarama daga baya. Kuma ka sayar tana da lafiya kana da sukunin jiran mai saye na kirki, kar ka bari sai masu bashi sun fara zarya a ƙofar shago, lokacin duk abun da aka taya sallamawa za ka yi.

In wata 3 ɗin sun cika ka ɗauki hoton shafukan littafin ka turo min, har da jimillar kilomitan da ka yi, mu zauna a kai tare. Allah ya sa albarka a kasuwa.