Fatar idon Mama da ke sauka da yamma

Malama, kin ce fatar idon Mama tana sauka da la'asar, da safe kuwa lafiya lau. Allah ya ba ta lafiya.

Tsakanin jijiya da tsoka akwai 'yar tazara. Saƙo daga ƙwaƙwalwa na isowa, sinadarin kalsiyam ya shiga bakin jijiyar, ta saki sinadarin asetilkolin, ya tsallaka ya manne a mazauninsa jikin tsoka, sai ta motsa. A cutar mayasteniya, garkuwar jiki ce ke toshe mazaunan nan, shi ya sa tsoka ke saurin gajiya, ta farfaɗo bayan hutu. Alamar Mama ta yi kama da ita.

Don Allah ku kai ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) wajen likitan jijiyoyi, akwai magani. In haɗiya ko numfashi ya fara wuya, kada ku jira gobe.