Haske ba ya tsayawa a iska

Ka tambaye ni yadda ake sa hoto ya tsaya a sarari, ba allo ba bango. To ɗana, fara riƙe wannan: haske ba ya tsayawa a iska don kansa. Kunna tocila a ɗaki mai duhu, ba ka ganin hanyar hasken sai ƙura ta gitta. Saboda haka in aka ce maka an rataya hoto a iska, nemi abin da hasken ya daka kafin ya iso idonka.

Tsohuwar dabara gilashi ce. A 1862 John Henry Pepper ya nuna ta a Landan: a karkata gilashi garau, a ɓoye abin da aka haska inda 'yan kallo ba sa gani, sai su hango shi tsaye a dandamali kamar fatalwa. Ita ce aka yi wa marigayi mawaƙi Tupac a bikin waƙa na Coachella a Amurka a 2012. Aka yi ta cewa hologiram ne, wato hoto mai zurfi da ake ɗauka da hasken leza, alhali ba shi ba ne.

Fankar nan mai fitilun LED da ke nuna hoto kamar a iska kuwa, gudu kawai take yi har ido ya haɗa ɗigon hasken ya zama hoto. Kada ka kuskura ka kai yatsa.

Ni wanda ya fi burge ni shi ne farantin ƙananan madubai, irin ASKA3D na Japan. Hasken allo yana shiga, ya daki madubi biyu a jere, ya sake taruwa a ɗaya gefen, daidai nisan da allon yake daga farantin. Kai hannu, ba ka taɓa komai ba. Amma matsa gefe kaɗan, hoton ya ɓace, tunda hasken waje guda ya nufa, kuma dole farantin ya kasance bayan hoton in kana kallo.

Akwai masu zana hoton a iskar kanta. Wasu suna tattara leza a ɗigo ɗaya har iskar wurin ta yi walƙiya. A 2018 masu bincike a Jami'ar Brigham Young ta Amurka sun kama ƙwayar ƙura guda da leza, suna yawo da ita da sauri suna haska ta. Wannan kam ta ko'ina ka zagaya za ka gani, sai dai hoton ɗan mitsitsi ne.

In aikin farantin ya zo hannunka, auna tsayin idon mai kallo tukuna, ka rage hasken ɗakin, sannan ka ɗaure allon.