Kayak ɗin farko: wanne zan saya, kuma me zan duba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na hau kayak (ƙaramin kwalekwale da ake tuƙawa da filafili) na haya a wani tafki, abin ya shiga raina har ina so in sayi nawa. Na ga wani dogo siriri irin na teku ya burge ni sosai, na kuma ga gajeru masu faɗi. Yawon shan iska kawai zan riƙa yi a tafki da kogi mai tafiya a hankali, kuma gaskiya ban ƙware a iyo ba. Wanne ya dace da ni?

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ai ka riga ka amsa rabin tambayar da kanka tunda ka faɗi irin ruwan da zaka shiga, don ruwan shi yake zaɓar jirgi. Wancan dogon da ya burge ka tsawonsa kan kai mita 5 ko fiye, faɗinsa kuma santimita 55 zuwa 60 ne kawai, an yi shi ne don tafiya mai nisa da keta igiyar ruwa, kuma in sabon hannu ya zauna a ciki sai ya ji yana ta rawa ƙarƙashinsa kamar zai juye, ga wahalar juya shi a kwana, ga neman inda za a ajiye abu mai mita 5. Ka bar shi tukuna, ba yanzu ba.

Ka nemi mai tsawon mita 3 zuwa 3.6, faɗi kuma santimita 70 zuwa 80. Faɗin nan shi zai ba ka natsuwa ka zauna daram. Amma fa kar ka sauka ƙasa da mita 3 wai don ya fi sauƙin ɗauka, gajere sosai duk bugun filafili ɗaya sai hancinsa ya karkata, ka buga dama ya yi hagu ka buga hagu ya yi dama, kafin ka kai tsakiyar tafki kafaɗarka ta gaji.

Sai maganar da ta fi damuna, wato iyon da ka ce ba ka ƙware ba. Kayak iri biyu ne, akwai wanda ake zama a cikinsa ƙafafu na ƙarƙashin rufi, akwai wanda ake zama a kansa a buɗe. Na zama a ciki shi ne na asali, mutanen Inuit na yankin Girinlan da arewacin Kanada da Alaska ne suka ƙera shi da fatar dabbobin teku akan firam na itace ko ƙashi, saboda ruwansu ƙanƙara ne dole su rufe jiki. Yana tare iska da fantsamar ruwa, amma in ya kife sai ya cika da ruwa, kuma da yawa cikin masu arha ba su da katangar nan ta ciki da ke ware ɗakin iska a gaba da baya, to in irin wannan ya sha ruwa komawa cikinsa a tsakiyar tafki ba ƙaramin aiki bane ko ga wanda ya iya. Na zama a kai kuwa cikinsa rufaffe ne ruf, akwai 'yan ramuka a wajen zama da ruwa ke bi ya koma ƙasa da kansa, in ka faɗa sai ka birkito shi ka ja cikinka ka haye. Zaka jiƙe kam, babu makawa. Ni dai shi nake ba ka shawara, in dai ruwan wajenku ba mai sanyi bane, domin ruwan da ya yi ƙasa da digiri 15 yana iya sarƙe numfashin mutum a minti na farko, wannan sai da kayan sawa na musamman.

Kuma don Allah rigar kariya daga nutsewa, ka saye ta kafin ma jirgin, ka sa ta ka ɗaure tamau, ba a ajiye ta bayan kujera. Ranar farko ka je da wani, ku tsaya inda ruwa bai wuce ƙirji ba, ka kifar da jirgin da gangan ka gwada hawa har jikinka ya saba. Ka kuma ci gaba da koyon iyo, rigar ba ta ɗauke maka wannan ba.

Abu ɗaya da ake yawan mantawa, nauyin da aka rubuta jirgin na ɗauka iyaka ce ta ƙarshe. Ka tsaya wajen kashi 70 cikin 100, in an rubuta kilo 130 to kai da ruwan shanka da jakarka kar ku wuce kilo 90 da ɗan wani abu.

Tambaya: A bene nake zaune, ba ni da wajen ajiya, motata kuma ƙarama ce. Na hurawa da iska yana da aminci ko kayan wasan yara ne?

Malama, duka biyun akwai su a kasuwa kuma a hoto sun yi kama. Amma tunaninki daidai ne, na roba mai tauri kan kai kilo 20 zuwa 30, kuma jirgin da ba za ki iya ɗaga shi ke kaɗai ba kwanciya zai yi ta yi a gida. Na hurawa mai kyau ki duba ya kasance yana da ɗakunan iska aƙalla uku kowanne da bakin hurawarsa, yadda in ɗaya ya huje sauran su kai ki gaɓa. In da hali ki ɗauki wanda daɓensa ke da dubban zarurruka a ciki da suka haɗe sama da ƙasa, shi ana hura shi ya yi tauri kamar katako, ba ya lanƙwashewa a tsakiya in kin zauna. Ya kuma zo da ɗan fiffiken da ake maƙalawa a ƙasan baya, shi ke sa ya tafi a miƙe.

Matsalarsa iska. Ba ya nutsa cikin ruwa sosai, saboda haka iska na tura shi yadda ta ga dama, in kinga tana busowa daga gaɓa zuwa tsakiyar ruwa ki haƙura da fita ranar, tafiyar zata yi daɗi dawowar ce zata gagara. In kin fito da shi kin ajiye a rana ki ɗan sace iskar, zafi na ƙara matsi har ɗinki ya buɗe, kuma sai ya bushe sarai kafin ki naɗe in ba haka ba zai yi fumfuna.

Tambaya: An yi min tayin na hannu, me zan duba kafin in biya?

Ka kifa shi ka fara da ƙasansa. Ƙarje-ƙarje ba komai bane, duk jirgin da aka yi amfani da shi yana da su. Abin dubawa shi ne lotsawa ƙarƙashin wajen zama, da gindin baya inda ake jansa a ƙasa, ka danna da babban yatsa in ka ji robar ta yi laushi to ta cinye. In launin ya koɗe kana shafawa yana barin gari a hannunka, rana ta gasa shi, robar ta kusa fara tsagewa. Ka leƙa gefen ramukan fitar ruwa da tocila ko akwai tsaga, saboda irin wannan robar gam ba ya kama ta, sai an narka wata an like. In mai shi ya yarda ka sa shi a ruwa na rabin awa, ka fito ka buɗe toshiyar baya ta zubar da ruwan ciki ka ga ko ruwa zai zubo da yawa, a nan ma zaka san ko kujerar da madogarar ƙafa sun yi maka, don ciwon baya na kujera ya raba mutane da yawa da wannan wasan.

Kuɗin da ka rage ka zuba shi a filafili. A awa ɗaya zaka ɗaga shi fiye da sau dubu, mai sandar alminiyam yana da nauyi, na faiba ya fi sauƙi a hannu nesa ba kusa ba. Ga jirgi mai faɗi, santimita 220 zuwa 240 ake nema gwargwadon tsayinka.

Tambaya: In sayi mai kujera biyu saboda ni da maiɗakina?

In ka tabbata tare zaku riƙa fita, saya. In kuwa tsammani kake, ku fara yin haya ku gani, don mai kujera biyu ya kan wuce kilo 30, kuma in kai kaɗai ka zauna a baya hancinsa ɗagawa yake iska ta yi ta juya ka. Akwai waɗanda ake iya matsar da kujerarsu zuwa tsakiya in mutum ɗaya ne, ka tambayi wannan kafin ka biya.