Fostar fim ɗin marina: me ya sa darakta ke cewa ta cika hayaniya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ban daɗe da fara zane ba, sai wani darakta ya ba ni aikin fostar fim ɗinsa na dokumentari a kan marinan Ƙofar Mata da ke Kano. Na yi zane iri uku, duk ya ce sun cika hayaniya. Ina na kuskure?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanwata. Ko ban ga zanen ba, na san kin jera fuskoki biyar ko shida, kin ƙara da ganuwa, kin cusa ramukan rini a ƙasa. Idonmu ya saba da fostocin Kannywood, inda fuskar jarumi ce ke jawo ɗan kallo. Dattijon da ke bakin karofi kuwa ba a san fuskarsa ba, aikin hannunsa ne abin nunawa.

Ki roƙi darakta ya ba ki fim ɗin ki kalla, ko da ba a gama tace shi ba. Ki lura da hoton da ya maƙale miki bayan kin rufe kwamfuta. Da ni ne, hannun marini zan zana, wanda baba ya rine har wuyan hannu, farce ya yi shuɗi, yana ɗago ƙyalle daga rami ruwa na ɗiga. Shi kaɗai, sai sunan fim. Idan kuma fuskar wani za ki sa, a nemi yardarsa tukuna, domin gobe maƙwabtansa za su gan shi manne a bango.

Wurin da zai ba ki wahala shi ne launin. Shuɗin da ke ƙyalli a allon kwamfutarki RGB ne, wato launin da ake haɗawa da haske, injin ɗab'i kuwa da CMYK yake aiki, wato haɗin tawada kala huɗu, kuma shuɗi mai haske na cikin launukan da suka fi dusashewa a wannan sauyi, wani lokaci har ya karkata zuwa shunayya. A fim ɗin da rini ne jigonsa, wannan ba ƙaramar asara ba ce. Ki mayar da fayil ɗin CMYK tun farko, ki kuma biya a buga miki gwaji ɗaya kafin a buga sauran.

Idan a takardar A2 za a buga fostar, girmanta milimita 420 ne da 594. Ki yi zanen a 300 dpi, wato ɗigo 300 a kowane inci, ki bar rarar milimita 3 a kowane gefe saboda wuƙar yanka. Yawancin mutane dai a waya za su fara ganin fostar, don haka ki ƙanƙance ta kamar akwatin ashana, ki ga ko sunan na karantuwa.

Ki kuma duba ko salon rubutun da kika zaɓa na da ƙ da ɗ da ɓ. Da yawa ba su da su, sai ki ga ƙaramin akwati ya zauna a farkon Ƙofar. Noto Sans da Andika duk suna da su, kuma kyauta ne.