Kumburin ƙafa mai fitar da baƙaƙen ƙwayoyi

Ɗan'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Ka ce shekara uku ke nan ƙafarsa a kumbure, ba ta cika yi masa zafi ba, amma ta huhhuje tana fitar da ruwa da baƙaƙen ƙwayoyi kamar tsakin gero, kana neman sunan man shafawa. Don Allah ka ajiye maganar mai, ku kai shi babban asibiti.

Abin da ka siffanta shi muka gani a ƙafar kawuna. Manomi ne, ƙaya ya taka a gona, ya cire ya manta. Rashin zafin nan ne ya yaudare mu, muka ɓata shekara biyu, wannan ya ce jifa ne, wancan ya ce daji, ana ta jiƙe-jiƙe. Da muka je wurin likitan fata, ya ce maisetoma ce, wadda a Sudan ake kira Madura. A ƙasa ƙwayar cutar take, ƙaya ke shigar da ita. Ana samun ta daga Sudan zuwa Cadi, Nijar har arewacin Najeriya, kuma a 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin cututtukan da aka yi sakaci da su.

Iri biyu ce, gwargwadon ƙwayar cutar da ta haddasa ta, wato fangas ko bakteriya, kuma maganin ɗaya ba ya yi wa ɗaya. Baƙar ƙwaya alamar fangas ce, ja ta bakteriya, fara kuwa sai an gwada. Kawu an yi masa hoton ƙafa don a ga ko ta kai ƙashi, aka yanki ɗan nama aka kai ɗakin gwaji. Fangas ne. Aka ɗora shi a kan maganin fangas mai suna itraconazole, yana sha bayan cin abinci, wata shida, aka yi aiki aka cire kumburin, ya ci gaba da sha har ya cika shekara. Duk 'yan watanni sai an duba hantarsa. Maganin da tsada, sai da muka yi karo-karo. Akwai lokacin da ramukan suka kame ya so ya daina, muka lallashe shi, domin mai katsewa takan dawo masa. Yau da ƙafarsa yake noma, amma ba ya shiga gona babu takalmi.

In Baba yana da ciwon zuciya ko yana shan wani magani, ku faɗa wa likita tun farko. Ƙwayoyin da suka fito kuma kada ku goge, ku je da su ya gani da idonsa.